Wa ke yanke farashin maganin maigida a Amurka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Houston ta jihar Texas. Maigidana yana da ciwon suga, yana allurar insulin, yana kuma shan wata ƙwaya guda kullum da safe. Inshorarmu ta wurin aikinsa ce, kowane wata ana cire kuɗinta daga albashinsa. Bara abin da muke biya a kantin magani bai fi dala 60 a wata ba. Da Janairu ya kama ya je karɓa, aka ce ƙwayar kaɗai ta haura dala 500, insulin ɗin kuma wai an daina biyansa sai dai wani iri, ko likita ya nemi izini. Mun kira kamfanin inshora, suka ce mu kira wani kamfani dabam da lambarsa ke bayan kati. Su kuma suka ce nan gaba ma sai dai su riƙa aiko mana da maganin ta gidan waya. Yanzu maigida ya fara rage allurar don ta kai shi. Don Allah wane ne wannan kamfani da ba mu taɓa ciniki da shi ba? Mai kantin ne ke cutarmu? Ko mu sa a riƙa kawo mana daga Kano?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya biya ki ɗawainiyar da kike yi. Aikina harhaɗa magunguna ne a wani kantin magani na unguwa a nan Amurka, kuma abin da kika kwatanta shi muke fama da shi duk farkon shekara. Kina son sanin wanda ya shiga tsakaninku da maganinku, ko mai kanti na da hannu a ciki, da kuma ko maganin gida zai fisshe ku. Zan zo kansu, amma akwai abin da ba zai jira ba.

Maigida ya daina rage allurar daga yau. Suga idan ya hau ba lallai ya nuna alama nan take ba. Mutum zai yi kwanaki yana jin garau alhali ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa suna shan wuya. Idan kuma insulin ya yi ƙaranci sosai a jiki, jini kan yi tsami, sai a ga ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri. Wanda ya kai nan, sashen gaggawa na asibiti za a nufa da shi ba tare da tsayawa lissafin kuɗi ba. A jihar Minnesota akwai dokar insulin ta 2020 mai ɗauke da sunan Alec Smith, saurayi ɗan shekara 26 da ya rasu a 2017 yana tsimin insulin ɗinsa don ya kai ranar albashi.

Kuma akwai mafita ta kusa. Kamfanoni uku ne ke yin kusan duk insulin ɗin da ake amfani da shi a ƙasar nan: Eli Lilly, Novo Nordisk da Sanofi. Tsakanin 2023 da 2024 kowannensu ya fito da tsarin da ke tsayar da abin da mai inshorar wurin aiki zai biya a dala 35 a wata. Ki duba sunan kamfanin a jikin kwalin, ki shiga shafinsa na intanet, ki ciro katin rangwamen ki kai wa mai kanti ya gwada. Ki kuma kira ofishin likita ki faɗa musu ƙarara cewa insulin ya kusa ƙarewa. Da yawansu suna ajiye wanda kamfanoni ke ba su kyauta a firiji, kuma saboda irin wannan rana suke ajiye shi.

Kamfanin da ke bayan kati

A Amurka kamfanin inshora ba kasafai yake tafiyar da harkar magani da kansa ba. Yakan riƙe lissafin asibiti da na likita, ya miƙa ɓangaren magani ga wani kamfani da ake kira PBM. Ki duba katin maigida, za ki ga lambobi masu alamar RxBIN, RxPCN da RxGRP. Su ne adireshin PBM ɗinku. Idan na shigar da takardar magani a kwamfuta, wurinsu saƙon yake zuwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma amsa ta dawo: an yarda ko an ƙi, nawa mai magani zai biya, nawa za a biya kanti. Ba ni da maɓallin da zan taɓa in canza wannan adadi. Saboda haka dala 500 ɗin nan ba mai kantinku ne ya yanka ta ba, karanto ta ya yi daga allo. Hasali ma akwai magungunan da muke sarowa a kan wani farashi, PBM ya biya mu ƙasa da abin da muka saya, mu miƙa wa mai magani muna sane da cewa faɗuwa muka yi. Wannan na cikin abin da ke rufe ƙananan kantuna a ƙauyuka da unguwannin talakawa.

Waɗannan kamfanoni sun faro ne a ƙarshen shekarun 1960 a matsayin masu lissafin takardun magani kawai. A hankali suka haɗiye juna, aikinsu kuma ya faɗaɗa har ya zama su ne ke tsara jerin magungunan da inshora za ta biya, su ne ke ciniki da masu ƙera magani, su ne ke zaɓen kantunan da za a yi hulɗa da su da abin da za a biya kowanne. Yau guda uku ne suka mamaye fagen: CVS Caremark, Express Scripts da Optum Rx. Rahoton da hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar a Yulin 2024 ya ce waɗannan uku ne ke sarrafa kusan kashi 80 cikin 100 na takardun maganin da ake bayarwa a ƙasar. Kowannensu kuma ɗan gida ɗaya ne da wani babban kamfanin inshora. CVS ta sayi Aetna a 2018, a shekarar ne kuma Cigna ta sayi Express Scripts, Optum Rx kuwa na UnitedHealth Group ne. Kowanne yana da nasa kantin magani, na gidan waya ko na kan titi ko duka biyun. Wato mai inshora, da mai tsara jeri, da mai sayarwa, sau da yawa aljihu ɗaya suke zubawa.

Wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya ya san ɗanɗanon abin a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, inda ma'aikaci ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, wani lokaci kuma a ce masa wanda likita ya rubuta ba ya cikin jeri. Bambancin shi ne a nan jerin kansa haja ne, sayar da gurbi a cikinsa ake yi.

Inda kuɗin ke bi

Wannan shi ne wurin da ya kamata ki fahimta sosai, don daga nan sauran ke fitowa. Kowane magani mai tambarin kamfani yana da farashi biyu. Akwai farashin takarda, wanda kamfanin da ya ƙera shi ke shelantawa. Akwai kuma abin da yake karɓa a zahiri bayan ya mayar wa PBM da wani kaso a matsayin rangwamen bayan ciniki. Me ya sa zai mayar? Saboda PBM na iya ce masa: magunguna biyu ne ke aiki iri ɗaya, naka da na abokin gasarka, guda zan sa a jerin mutum miliyoyi, wa zai fi ba ni rangwame? Wanda ya fi bayarwa shi ke shiga, ɗayan a cire shi. Abin da ya faru da insulin ɗin maigida ke nan bisa ga dukkan alamu. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma an gano wani aibu a jikinsa ba ne. Cinikin bana ne bai faɗo a kansa ba.

A kasuwar kara kowa ya san dillali, kowa kuma ya san amfaninsa, don shi ya san farashi, shi ke sasanta mai saye da mai sayarwa. To a ce dillalin nan la'adarsa kaso ce daga kuɗin da aka ambata a bainar jama'a, bayan an watse mai saniya ya mayar masa da rabin kuɗin a bayan rumfa, sannan shi ne ke da ikon cewa saniyar wa za ta shiga kasuwa. Irin wannan dillali ba zai taɓa son a ambaci ƙaramin kuɗi ba, mai saniya ma zai koyi cewa idan yana son shiga sai ya ɗaga farashi don ya sami abin mayarwa.

Mu yi lissafi na misali. A ce farashin takarda dala 600 ne, rangwamen bayan ciniki kuma rabi ne. A zahiri dala 300 maganin ya tsaya wa inshora. Amma idan maigida yana cikin watannin da shi ke biya daga aljihunsa, ko kuma tsarinsa na biyan kaso ne cikin ɗari, a kan kusan dala 600 ɗin nan za a yi masa lissafi. Ya biya a kanti, bayan watanni rangwamen dala 300 ya fito daga kamfanin magani ya tafi wurin PBM, PBM ya riƙe nasa ya miƙa sauran ga inshora ko ga wurin aikin maigida. Shi da ya jawo rangwamen da ciwonsa ba ya ganin ko sisi a hannunsa. Za su ce da kuɗin ake rage abin da ake cire wa dukkan ma'aikata a wata, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ma'anar hakan ita ce marar lafiya ne ke tallafa wa masu lafiya, alhali an ƙirƙiri inshora ne don masu lafiya su tallafa wa marar lafiya. Wannan ne ya fi ci min rai a duk tsarin, kuma ban ga hujjar da za ta wanke shi ba.

Ba zato nake ba, alƙaluman a fili suke. Kwalbar insulin ta Humalog dala 21 ce a 1999, zuwa 2017 ta haura dala 274, kuma insulin ɗin bai canza ba. A 2023 Eli Lilly ya sanar da zabge kashi 70 cikin 100 na farashin, abin da ke nuna yawan iskar da ke cikinsa tun farko. A Janairun 2023 kamfanin Amgen ya fito da Amjevita, kishiyar maganin Humira na ciwon gaɓoɓi, a kan farashi biyu: ɗaya ƙasa da na Humira da kashi 5 cikin 100, ɗayan ƙasa da kashi 55. Magani ɗaya, masana'anta ɗaya. An yi mai tsadar ne don masu tsara jeri da ke son babban rangwame. Da gwamnati ta zauna ciniki da kanta a madadin tsofaffin da ke kan Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ƙwayar suga ta Jardiance mai farashin takarda dala 573 a wata ya dawo dala 197 daga 2026, Januvia kuma, ita ma ƙwayar suga ce, daga dala 527 ya dawo dala 113.

Akwai wata hanyar cin riba kuma. PBM ya caji mai inshora wani adadi a kan magani, ya biya kanti ƙasa da haka, ya riƙe bambancin. A 2018 mai binciken kuɗi na jihar Ohio ya gano cewa wannan bambanci ya kai kusan dala miliyan 224 a shekara guda a shirin Medicaid na jihar kaɗai, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. A Satumban 2024 FTC ta shigar da ƙara a kan manyan ukun nan tana zarginsu da haddasa tashin farashin insulin ta hanyar tsarin rangwame, su kuma suka musanta. Rahotonta na Janairun 2025 ya ce tsakanin 2017 da 2022 kantunan da ke ƙarƙashinsu sun sami fiye da dala biliyan 7 sama da kuɗin sari a kan wasu magungunan jenerik, wato kwatankwacin na asali marasa tambarinsa, na cututtuka masu nauyi irin su kansa.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Masu ƙera magani su ke rubuta farashin takarda da hannunsu, kuma suna jin daɗin nuna PBM da yatsa don a manta da su. Wurin aikin maigida ma shi ya zaɓi tsarin, shi ya amince da jerin, mai yiwuwa shi ke karɓar mafi yawan rangwamen. Kuma ba don matsin lambar PBM ba, da magungunan jenerik ba su kai kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake bayarwa a ƙasar nan ba. Ciniki da masu ƙera magani abu ne da dole wani ya yi shi. Matsalata da su ita ce ladansu na ƙaruwa idan farashi ya hau, kuma cinikin a rufe ake yin sa.

Abin da ya same ku a Janairu

Matsala ɗaya kuka gani, amma a cikinta akwai matsaloli dabam-dabam, kowace da maganinta. Ku fara da komawa kanti a lokacin da babu layi, ku roƙi mai harhaɗa maganin ya karanta muku ainihin saƙon da ya fito a allo, ko ya buga muku shi a takarda. Saƙon ƙi yana zuwa da lamba. Lamba 70 na nufin maganin ba ya cikin jeri. Lamba 75 na nufin sai likita ya nemi izini tukuna, abin da muke kira PA. Lamba 76 an wuce iyakar da tsarin ya sa, ta yawan ƙwayoyi ko ta yawan karɓa a kanti. Lamba 79 kuma an zo da wuri ne, kwanan sake karɓa bai yi ba. Wanda ya kira waya da wannan lamba a hannunsa ya rage wa kansa rabin yawon da ake yi da mutane.

Ƙwayar da ta koma dala 500 ba ƙin ta aka yi ba, tunda farashi ya fito. Abin da na fi zato didoktibul ne, wato adadin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta sa hannu, wanda a yawancin tsare-tsare yake komawa sabo ranar 1 ga Janairu. Idan wurin aiki ya mayar da ku tsari mai babban didoktibul, a 2025 mafi ƙarancinsa dala 1,650 ne ga mutum ɗaya, dala 3,300 ga iyali. Yana yiwuwa kuma an ɗaga ƙwayar zuwa wani mataki mafi tsada a jerin. Akwai kuma abin da nake yawan gani wanda mutane ba su sani ba: bara wani ma'aikacin kanti ya sa musu katin rangwame na kamfanin maganin, shi ke sauke kuɗin, katin ya ƙare a ƙarshen Disamba ba wanda ya sabunta. Wannan minti goma ya isa a gyara shi. Ku tambaya ko akwai kati na biyu a fayil ɗin maigida.

Idan didoktibul ne, maigida ya je ofishin kula da ma'aikata ya tambaya ko tsarinsu na da jerin magungunan rigakafi da ake biya tun kafin a cike didoktibul. Tun 2019 hukumar haraji ta tarayya ta ba irin waɗannan tsare-tsare damar sa insulin da magungunan suga a wannan jeri, kuma wuraren aiki da dama sun sa. Ya kuma tambayi PBM ko kuɗin da katin rangwame ke biya ana lissafa shi cikin didoktibul ɗinsa. Wasu tsare-tsaren ba sa lissafawa, sai mutum ya yi watanni yana biyan kaɗan, katin ya ƙare a tsakiyar shekara, ya tarar da didoktibul ɗinsa na nan cif kamar bai taɓa biyan komai ba.

Batun insulin kuwa, shawarata ta farko ita ce kada ku yi yaƙin da ba dole ba. Ku tambayi PBM wane iri ne ke cikin jerin bana, ku kai wa likita sunan. Sau da yawa canjin ba shi da wata illa. Lantus, Basaglar da Semglee duk insulin glargine ne mai ƙarfi ɗaya, Humalog da Novolog kuma duk masu saurin aiki ne da ake yi lokacin cin abinci. Amma Toujeo, ko da yake shi ma glargine ne, ƙarfinsa ya ninka sau uku a kowane mililita, don haka ba a musanya shi da ka. Likita ne zai rubuta sabuwar takarda da adadin da ya dace, maigida kuma ya ƙara yawan gwada suga a makonni biyun farko.

Idan kuwa akwai dalili na lafiya da ya sa dole sai wancan, misali ya taɓa gwada wanda suke so sugansa ya riƙa faɗuwa da dare, ko jikinsa ya ƙi shi, to a nemi PA ko a nemi a keɓe shi daga dokar jerin. Likita ne ke cikewa, amma ku ne za ku bi sawu. Abin da na lura da shi a aiki shi ne yawancin takardun da ake ƙi ba don dalilin bai isa ba ne, don ba a rubuta shi ba ne. Ofishin likita na cike da aiki, sai a aika da takarda ba sakamakon gwajin A1c mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, ba sunayen magungunan da aka gwada a baya, ba kwanan wata. Ku rubuta wannan tarihi da kanku a takarda guda ku miƙa wa ma'aikaciyar jinya. Mai kantinku zai iya buga muku jerin duk abin da maigida ya karɓa a wurinsa. Idan maganin ya kusa ƙarewa, likita ya rubuta cewa buƙatar ta gaggawa ce, don doka ta ce a amsa ta gaggawa cikin awa 72.

In an ƙi, ku nemi dalilin a rubuce. Kuna da kwana 180 na ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in sun sake ƙi kuma a yawancin tsare-tsare kuna da haƙƙin a kai wa masu duba na waje waɗanda ba ma'aikatansu ba ne, hukuncinsu kuma dole inshora ta bi shi. Mutane kaɗan ne ke kaiwa nan, galibi gajiya ke sa su bari a ƙin farko. Duk kiran da kuka yi ku rubuta rana, sunan wanda ya amsa da lambar kiran da zai ba ku. Idan Turancin waya na ba da wahala, ku ce a haɗa ku da tafinta, kada kunya ta hana.

Tunda a Texas kuke, ki sake duba katin ko akwai haruffan TDI ko DOI a jikinsa. Idan akwai, inshorarku na ƙarƙashin dokar jiha, kuma Texas ta yi doka a 2021 da ta tsayar da abin da za a biya a dala 25 kan kowace takardar insulin ta wata guda, muddin insulin ɗin na cikin jeri. Ƙorafinku kuma hukumar inshora ta jihar za ku kai wa. Idan babu, mai yiwuwa wurin aikin maigida da kuɗinsa yake biyan jinyar ma'aikata, kamfanin inshora lissafi kawai yake riƙe masa. Manyan ma'aikatu da yawa haka suke. Irin wannan tsari dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA ce ke kula da shi, dokar dala 25 ba ta hau kansa ba, ƙorafi kuma ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ake kai wa. Amma a nan akwai ƙofar da mutane ke mantawa da ita: tunda kuɗin na wurin aiki ne, ofishin ma'aikata na iya ɗaga waya ya ce wa PBM a biya wa wannan ma'aikaci maganinsa. Na ga an warware a kwana biyu abin da aka yi wata ana jayayya a kansa ta wannan hanya.

Gidan waya, kuɗi hannu, da maganar Kano

Tilasta karɓa ta gidan waya dabara ce ta mayar da ciniki kantinsu. Yawanci akan bar mutum ya karɓa sau biyu a kantin unguwa, daga nan a ce sai na kwana 90 daga wurinsu. Wani lokaci ya fi araha da gaske, kuma ga ƙwayar da aka daɗe a kanta ba laifi. Insulin ne nake jin tsoro. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kin kuma san zafin Houston a watan Yuli. Ku kira ku tambaya ko tsarin na ba da damar fita daga wannan sharaɗi, don wasu suna bayarwa ga wanda ya nema. In babu, ku sa a riƙa kawowa ranar da akwai mutum a gida, kwalin da ya iso da ɗumi kuma kada a yi amfani da shi, a kira su su canza.

Ga magungunan jenerik kamar metformin da na hawan jini, kullum ku tambayi mai kanti nawa ne idan ba a bi ta inshora ba. Kafin Oktoban 2018 kwantiragin wasu PBM na hana mu faɗa wa mutum cewa kuɗi hannu ya fi masa araha, sai da majalisar tarayya ta haramta wannan sharaɗi. Walmart na da jerin magungunan dala 4 tun 2006, kamfanin Cost Plus Drugs da ya fara sayarwa a 2022 yana ɗora kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin sari da ɗan kuɗin aiki da na aikawa, ga kuma katunan rangwame irin su GoodRx. Ku dai sani abin da aka biya ta wannan hanya ba ya shiga lissafin didoktibul kai tsaye. Idan akwai dattijo a gidanku da ke kan Medicare, shi doka ta hana shi amfani da katin rangwame na kamfanin magani, amma insulin ɗinsa ba ya wuce dala 35 a wata tun 2023, kuma a 2025 an sa iyakar dala 2,000 a kan abin da zai kashe a shekara wa magungunan da tsarinsa ke biya.

Maganar kawowa daga Kano kuwa, ban ba ku shawara ba. Magungunan da za a samu da sauƙi a can, irin su metformin, a nan ma 'yan daloli ne, don haka ba riba. Insulin kuma ba wanda zai ba ku tabbacin sanyin da ya samu tun daga sito har kanti, ga rashin wuta, ga tafiyar jirgi inda zai iya daskarewa a cikin kayan da aka auna, kuma insulin da ya daskare ko ya sha zafi ba lallai ido ya gane ba. A wasu ƙasashe ana sayar da mai ƙarfin 40 a mililita, na nan kuwa 100 ne, haɗa kwalbar can da sirinjin nan na iya kai mutum asibiti. Ga matsalar jabu da hukumar NAFDAC ke yaƙi da ita har gobe. Dokar Amurka ma ba ta yarda a riƙa shigo da magani haka don wani ba, za a iya ƙwace shi a filin jirgi, ku rasa kuɗi ku rasa magani.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, Hajiya, tunda takardun tsarinku da fayil ɗin maigida ba a gabana suke ba. Zaɓen insulin da adadinsa na likitansa ne, ainihin dokokin tsarinku kuma suna cikin littafin da ofishin ma'aikata zai ba ku idan kun nema a rubuce. Yawancin wuraren aiki suna buɗe damar canza tsari a wajajen Oktoba ko Nuwamba. Idan lokacin ya zo, kada a tsaya kan abin da za a cire daga albashi kaɗai. Ku rubuta sunayen magungunan maigida, ku duba kowanne a jerin shekara mai zuwa na kowane tsari, ku haɗa kuɗin wata goma sha biyu da didoktibul da abin da za ku biya a kanti. Ga mai ciwon suga da ke shan magani mai tambari, tsarin da ya fi tsada a wata sau da yawa shi ke fin araha idan aka haɗa lissafin shekara.